Amsar Garin Kununa Ta Yi Damina Biyu Ba Ta Iso Yashe Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Abinci na jami'ar da ta turo mana ɗalibanta ƙasar Kusada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya fama da ɗalibai? Allah ya taimaka.

Sunana Saude, matar Malam Mamman, manomi a Yashe. Sana'ata haɗa garin kunun yaye. Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba, sai sa hannunka da na gani a ƙasan wata takarda. Ban faɗi sunan jami'arku ba, kuma ba zan faɗi sunan kowa daga cikinku ba, domin ba tozarci ya sa na ɗauki biro ba. Na sa wasiƙar a fili ne saboda abin da ya same ni ba a kaina ya tsaya ba, kuma na san akwai masu awara da masu fura da masu ƙuli-ƙuli da aka ɗebi kayansu kamar yadda aka ɗebi nawa. Karatuna na firamare ne da na islamiyya, in ka ga kuskure a rubutun ka yi haƙuri.

Na ɗaya: yadda na shiga sana'ar nan.

Jikata Ummi ce sila. Bayan an yaye ta sai ta kama tamowa, gashinta ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. A asibitin garinmu wata ma'aikaciyar lafiya ta koya mani haɗi: gero da waken suya da gyaɗa, a gyara kowane, a soya shi daban a kasko, a haɗa a niƙa. Na yi yadda ta ce, Allah ya tashi kafaɗar yarinya. Maƙwabta da suka ga haka suka fara roƙon in ɗan ɗiba masu. Daga roƙo ya koma aike, daga aike ya zama sana'a. Duk mako nakan soya tiya huɗu ko biyar, in ƙulla a leda. Mata daga Dudunni da Bauranya suna ba masu babur saƙo, har daga cikin Kankiya ana aikowa.

Akwai magana ɗaya da na riƙa gaya wa duk uwar da ta saya, kuma gara in faɗe ta tun yanzu. Nakan ce tunda soyayye ne ba sai an ɗora a wuta ba, ruwan ɗumi ya isa a dama. Ma'aikaciyar lafiyar nan ba ta gaya mani haka ba, ni na ƙiyasta da kaina. Mata kuwa suka so abin, domin icce ya yi tsada, kuma da damina uwa tana gona ko tana aikin abincin masu noma. Sai ta dama da safe, ta zuba a fulas ko a kofi mai murfi, yaro ya yi ta sha har la'asar. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na biyu: zuwan ɗalibanku.

Bayan girbi ne, ana tsakiyar sussukar dawa, suka zo su uku da izinin mai gari. Biyu maza suka tsaya a zaure wajen maigidana, macen ta shigo ciki. Zan kira ta Malama Zainab, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Yarinya ce mai ladabi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce da ni Inna. Ba ta ƙyamaci gidana ba. Ta zauna a tabarma tun hantsi har azahar tana kallon aikin, tana tambaya tana rubutawa, har ta karɓi muciya ta taya ni juya wake a kasko.

Sau uku ta ɗiba. Ta ɗibi hatsin da zafinshi ana sauke shi daga wuta. Ta sake ɗiba bayan na baza shi a tabarma tsakar gida ya huce. Sannan ta bi ni har wajen mai injin niƙa, ta ɗibi garin da ya fito. Kowane ɗiba sai ta sa safar hannu, ta ƙulle a leda, ta jefa cikin kula mai ƙanƙara. A jikin ledojin ta rubuta lamba bakwai, ta ce ba a sa suna don a rufa wa mutum asiri. Hakan ya yi mani daɗi.

Da za su tafi ta karanta mani wata takarda ta Turanci tana fassarawa, na sa hannu. A ƙasanta ne na ga naka sa hannun da hatimi. Tambaya ɗaya na yi mata: in an samu wani abu mara kyau a garin nan, za a gaya mani? Ta ce ƙwarai kuwa, in Allah ya yarda cikin wata uku zan ji. Ta ba ni lambar wayarta. Na yarda da ita, kuma har yau na yi imani ba ƙarya ta yi niyyar yi mani ba.

Na uku: shirun da ya biyo baya.

Wata uku suka wuce, shida suka wuce. Na kira lambar ya fi sau goma, kullum a kashe. Maigidana ya tambayi mai gari, shi ma ya ce bai ji komai ba. Ranka ya daɗe, mu mutanen ƙauye in likita ya duba mutum bai ce komai ba, ɗauka muke lafiya ce. Haka na ɗauki shirunku. Abin ma bai tsaya nan ba, sai na fara gaya wa mata cewa garina har 'yan jami'a sun zo sun gwada. Ba ƙarya na yi ba, sun gwada ɗin. Amma kowa ya san abin da mai sauraro zai fahimta. Ciniki ya ƙaru, har na koma soya sau biyu a mako.

A tsakanin nan yara sun yi gudawa, kamar yadda suka saba yi kowace shekara. Uwa ta zo ta ce ɗanta yana zawo, sai mu ce haƙori ne, ko zafi, ko sabon ruwan damina. Wani lokaci ma ni ke cewa ta ƙara mashi kunun don ya samu ƙarfi. Yawancinsu sun warke. Ɗaya bai warke ba. Ɗan Ladidi ne, wata yarinya da ke aure a Dudunni, wadda ba ta taɓa fashin aike wurina ba. Kwana uku yana gudawa da amai, aka ɗauke shi zuwa Kankiya don a yi mashi ƙarin ruwa, ya cika kafin su isa. Na je gaisuwa, na zauna cikin mata, na yi kuka tare da su. Ko kusa zuciyata ba ta kawo mani garina ba.

Na huɗu: ranar da amsar ta iso.

Damina biyu bayan zuwansu, wata ranar da hantsi ina tsince gyaɗa, na ji sallama. Malama Zainab ce, ita kaɗai, da goyo a baya da wani littafi mai baƙin bango a hannu. Motar haya ta sauke ta bakin titi, ta tako da ƙafa tana tambayar gidan. Na yi murna, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta kasa sha. Ta ce Inna, ta zo da magana mai nauyi, kuma ta makara da ita ƙwarai.

Ta buɗe littafin, ta nuna mani wani layi mai lamba bakwai, ta yi mani bayani a hankali. Ta fara da mai daɗin. Ta ce haɗin nawa abinci ne na gaske, yana da abin da ke gina jikin yaro, kada in taɓa shakkar wannan. Ta ce ɗiban farko, wanda aka sauke daga wuta, ba a samu komai a ciki ba. A na biyu, wanda ya huce a tsakar gida, an samu ƙwayoyin cuta irin waɗanda ke fitowa daga kashin kaji da na dabbobi, masu sa gudawa da amai. A na uku sun fi yawa, domin injin da ke niƙa mani shi ke markaɗen wake da kayan miya, ragowar jiƙaƙƙen ƙullu yana kwana a cikinshi. Ta ce ruwan ɗumi ba ya kashe su, daɗi ma suke ji, kuma in kunun ya yini a fulas ƙaruwa suke yi. Na tambaye ta to me ke kashe su. Ta ce a ɗora a wuta ya tafasa sosai, a ba yaro a lokacin, kada a ajiye.

Ranka ya daɗe, ina zaune ina kallon kajina suna kiwo a daidai wurin da nake baza tabarmar. Maganar da za ta gyara komai ba ta fi ƙarfin numfashi ɗaya ba: a tafasa. Kuma an san ta tun ba a yi wata biyu da ɗibar garin ba.

Ban yi mata faɗa ba, amma na tambaye ta abin da ya hana ta zuwa. Ta ce da ta ga sakamakon ta kai wa malaminta, ya ce ta fara gama rubutu, ta kare shi gaban manyan malamai, sannan a buga, sai a san yadda za a yi. Kuɗin mota da aka ware duk sun ƙare a wajen ɗibo kaya, ba a ware na komawa ba. Aka shiga yajin aiki, aka sace mata waya, ta gama, ta tafi bautar ƙasa, ta yi aure. Ta ce duk wannan dalili ne amma ba hujja ba ce. Abin da ya taso ta shi ne ɗiyarta ta isa fara kunu, surukarta ta sayo irin garin nan a kasuwa, ta zuba ruwan ɗumi tana damawa. Ta ce ba ta san lokacin da ta fizge kofin daga hannun tsohuwar ba. Tun ranar ta kasa sukuni, sai da ta roƙi mijinta ya bar ta ta bi gidajen da ta shiga ɗaya bayan ɗaya. Gidana ne na huɗu.

Sai na ba ta labarin ɗan Ladidi, na ce ta gaya mani gaskiya tsakaninta da Allah. Ta rufe littafin. Sannan ta ce: "Inna, ba zan ce garinki ne ba, kuma ba zan ce ba shi ba ne. Akwai ruwan rijiya, akwai hannu, akwai ƙuda. Ba wanda zai iya sani yanzu." Na gode mata da ba ta lallashe ni da ƙarya ba. Ita ke kuka, ni ke ba ta haƙuri.

Na biyar: abin da na yi da amsar.

Maigidana ya ba ni shawara in gyara aikina shiru, in riƙa ce wa mata su tafasa, ba sai na tono abin da ya wuce ba. Ba mugunta ta sa ya faɗi haka ba, tsoron ɓacin sunana yake ji, kuma ya san bakin mutane. Na kwana biyu ina juya maganar. Na ga in na ce a tafasa ban faɗi dalili ba, ba mai tafasawa, tunda ni ce na shekara da shekaru ina cewa ba sai an tafasa ba. Na roƙe shi ya bar ni, ya ce in je Allah ya tsare.

Na bi gidajen Yashe da ƙafa. Na hau babur zuwa Bauranya. Wasu suka yi godiya, wata kuwa ta ɗauko ragowar garin ta zubar wa kaji a gabana. Ban ga laifinta ba. Dudunni na bari ƙarshe, don tsoro nake ji.

Na tarar da Ladidi tana surfe bayan la'asar, da wani jaririn a baya. Ta ajiye taɓarya ta yi mani sannu da zuwa. Na gaya mata komai yadda aka gaya mani, ban rage ba, har da cewa ba wanda zai iya tabbatarwa. Na ce in akwai hannuna a ciki ta yafe mani. Ta zauna a bakin turmin. Da ta buɗe baki sai na ji abin da ban sani ba. Ashe lokacin da yaron ya kwanta tana da ƙaramin ciki, sai tsofaffin gidan suka ce kwanika ce, nononta ne ya ɓaci ya kashe shi. Ba wanda ya zage ta, amma duk ranar da aka tuna yaron sai an tuna mata. Ta ce: "Inna, sama da shekara ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe shi." Na ce ajali na hannun Allah, ba ita ba ce. Ta ce ta sani, kuma ni ma ba ta riƙe ni ba, domin ban sani ba. Sannan ta dube ni ta ce: "To waɗanda suka sani fa?"

Shi ya sa na kawo maka tambayar yadda ta yi ta.

Kafin in bar gidan ta ce in nuna mata yadda ake yi, don jaririn da ke bayanta ya kusa fara kunu. Na shiga madafinta na hura wuta, na dama, na ɗora, muka tsaya mu biyu muna kallon tukunyar har ta tafasa ta yi kumfa. Surukarta tana daga ƙofa tana kallo, ba ta tafi ba sai da muka sauke.

Na shida: inda nake yanzu.

Maigidana ya kafa mani rumfa mai tsawo da kara, a kanta hatsi ke hucewa cikin faranti, da mayafi mai tsabta a sama. Kajin an killace su. Na yi magana da mai inji, mutumin kirki ne, ya yarda ya ware mani safiya guda a mako, ya wanke injin ya bushe kafin ya zuba nawa. Duk gyaɗar da ta yi baƙi ko fumfuna zubarwa nake yi, don Malama Zainab ta ce irin wannan tana da dafin da ko wuta ba ta kashe shi. Kowace uwa ta saya sai na sa ta maimaita mani da bakinta cewa za ta tafasa. Masu sayen sun ragu, kusan rabi ba su dawo ba, na koma soya sau ɗaya. Ban zo kukan wannan ba. Abin da ke damuna shi ne ban san ko gyaran ya yi ba. Da ido nake aunawa, kuma ido ne ya yaudare ni a da.

Na bakwai: roƙona.

Na san ba ku da wadata yadda muke zato. Malama Zainab ta gaya mani wani lokaci ɗalibi da kuɗin aljihunshi yake sayen kayan gwaji, kuma wuta takan ɗauke aikin mako ya lalace. Na san aikinku alheri ne, domin ba don shi ba da har yau ina ce wa mata ruwan ɗumi ya isa. Saboda na ga amfaninshi ne nake roƙo.

Ina roƙon duk ɗalibin da za ku tura ɗibar abincin mutane, a ware mashi kuɗin komawa kafin a ba shi na zuwa. In ba na komawa, a rage yawan gidajen da zai shiga.

In an ga abin da zai cutar da yaro, kada a jira bugu ko taron malamai. A kira mai kayan a waya a ranar, ko a aika wa ma'aikatan lafiya na yankin su same shi a asirce. Kuma a bar mana lambar ofis, ba ta ɗalibi kaɗai ba, don ɗalibi gamawa yake ya tafi.

Abin da kuka gano a mayar da shi Hausa mai sauƙi, a faɗa a rediyo, a faɗa a asibiti ranar awo da ranar rigakafi, ba tare da kiran sunan kowa ba. Littafin da na gani ya fi tafin hannu kauri, amma abin da ya shafe mu a ciki bai fi layi biyar ba.

Malama Zainab ta ce akwai sauran gidaje da ba ta samu zuwa ba, wasu a Kankiya, wasu a ƙauyukan Kusada, kuma mijinta aikinshi ya kai su nesa. Takardun suna ofishinku. Don Allah a tura wani ya ƙarasa, domin har yau suna sayarwa, kuma har yau suna ɗaukar shirun nan lafiya ce.

Ina roƙon a sake zuwa a ɗibi garina a gwada. Ƙofata a buɗe take, kuma ko me aka samu ina so in ji.

Na ƙarshe, in ka gane wace ce ɗalibar nan, kuma na san za ka gane, kada wasiƙata ta zama sanadin ɓacin sunanta, ko na malaminta. Ita kaɗai ce ta dawo. In da abin da ya dace da ita, a kira ta ta tsaya gaban sababbin ɗalibai ta ba su labarin tafiyarta ta biyu.

Da Ladidi ta ji zan rubuta maka, ta aiko a gaya mani ba ta neman komai a wurinku, ba ta kuma kai ƙarar kowa. Abu ɗaya ta roƙa, in rubuta sunan yaron don ka karanta da idonka. Sunanshi Abubakar, Habu ake ce mashi. Watanshi goma sha huɗu, ya fara bin bango yana takawa.

Allah ya jiƙan shi, ya sa mai ceto ne ga iyayenshi. Kai kuma Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi wa zuri'arka albarka, ya sa ilimin da ke hannunka ya zama mai amfani gare ka duniya da lahira, ya ba ka ikon sauke nauyin da ya ɗora maka. Mu kuma ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Saude matar Malam Mamman,
Yashe, ƙasar Kusada.